Tsaga hannun jari, hannun jarin kyauta ko ribar hannu: wanne ya fi dacewa da mai ƙaramin jari a Maraɗi?

Duk wanda ya taɓa shiga watanda gabanin sallah ya riga ya san rabin abin da ake nufi da tsaga hannun jari, ko da bai taɓa jin sunan kasuwar hannun jari ta Abijan ba. Mutane su haɗa kuɗi su sayi sa, mahauci ya yanka, a kasa naman. Idan aka kasa shi kashi 10, kowane kashi zai yi tudu. Idan aka kasa shi kashi 100, kowane kashi zai zama ɗan tsibi, amma san nan guda ne, bai ƙaru da ko tsoka ɗaya ba. Wanda yake da kashi 1 cikin 10 a da, yanzu yana da kashi 10 cikin 100, kuma abin da zai kai wa iyalinsa shi ne dai abin da zai kai tun farko. Abin da ya sauya kawai shi ne mai ƙaramin ƙarfi, wanda a da babban kashi ya fi ƙarfin aljihunsa, yanzu ya samu ƙofar shiga.

Haka kamfani yake yi idan farashin hannun jarinsa ya yi tsada: sai ya mayar da kowane hannu ɗaya ya zama 2, ko 5, ko 10, farashin kowane ya ragu daidai da wannan lissafi. A takardun dillalan yankinmu da Faransanci ake rubuta abin, suna ce masa fractionnement. Kasuwar da ta shafe mu kai tsaye ita ce BRVM, wadda ta fara aiki a 1998, hedikwatarta tana Abijan, tana kuma haɗa ƙasashe 8 masu amfani da sefa a yammacin Afirka, har da Nijar, inda take da reshe a Yamai. Ba a saye a cikinta kai tsaye, sai ta hannun kamfanin dillanci mai lasisi, irin waɗanda ake kira SGI. Mu ɗauka ke nan wani mai sayar da hatsi a babbar kasuwar Maraɗi ya ware sefa miliyan 1 bayan kaka, ya buɗe asusu wajen dillali, sai aka ajiye masa kamfanoni uku a gaba: na farko ya sanar zai tsaga hannun jarinsa gida 10, na biyu zai ba masu hannun jari ƙarin hannaye kyauta, na uku kuwa babu wata sanarwa mai daɗin ji daga gare shi, sai dai kowace shekara yana raba riba da tsabar kuɗi. Mafi yawan mutane kunnensu zai fi karkata ga biyun farko, domin ninki da kyauta kalmomi ne masu zaƙi. A ganina wannan zaƙin ne ya kamata a fara tankaɗewa kafin a taɓa kuɗi.

Lissafin tsagawa ba shi da wuya. A misali, mutum yana da hannaye 10, kowane a kan sefa 60,000, jimilla 600,000. Ranar da tsagawar ta fara aiki zai wayi gari da hannaye 100, kowane a kan 6,000, jimilla dai 600,000. Idan a da kamfanin yana biyan ribar sefa 3,000 a kan kowane hannu, yanzu zai biya 300, kuma abin da zai shiga asusun mutumin a ƙarshen shekara 30,000 ne, kamar bara. Ƙuri'arsa a babban taron masu hannun jari ma ba ta ƙara nauyi ba, tunda na kowa an ninka. Kamfanin bai samu ko tamma ɗaya ta shigo baitulmalinsa ba, bashin da ake binsa bai ragu ba, injinansa ba su ƙaru ba. Wanda ya kai takardar jika 10 wajen mai canji aka ba shi takardun jika ɗai-ɗai guda 10, aljihunsa ya yi kauri, amma ba zai ce ya yi ciniki ba.

To me ya sa kamfanoni suke wahalar da kansu da kiran babban taro na musamman, da gyara dokokin kamfani, da biyan kuɗin takardu, a kan abin da ba ya ƙara komai? Amsa mafi ƙarfi a yankinmu tana cikin labarin Sonatel, kamfanin sadarwa na Senegal, wanda ya daɗe yana cikin manyan kamfanonin BRVM. Farashin hannunsa ɗaya ya haura sefa 100,000, kuɗin da ya fi albashin wata na ma'aikata da yawa a ƙasashen nan, sai a 2012 kamfanin ya tsaga kowane hannu gida 10, yawan hannayen ya tashi daga miliyan 10 zuwa miliyan 100. Tunda a wannan kasuwa ba a sayar da rabin hannu ko rubu'insa, malamin makaranta mai ajiyar jika 50 da a da ba shi da abin yi sai kallo, daga ranar ya zama mai iya sayen hannaye biyu ko uku. Wannan shi ne bambancin sari da kiri da kowane ɗan kasuwar Maraɗi ya sani: buhun gero a ɗinke masu sayensa ƙidayayyu ne, amma da zarar an farke shi ana aunawa da tiya, layin masu saye sai ya tsawaita.

A nan ne nake ganin amfanin tsagawa na gaskiya yake, kuma ya fi shafar mai sayarwa fiye da mai saye. BRVM kasuwa ce da ciniki bai cika yawa a cikinta ba. Akwai hannayen jarin da za su yi kwana da kwanaki ba a yi musayar wani abin kirki a kansu ba. Mutumin da yake da hannaye 5 kacal, kowane a kan sefa 120,000, idan damina ta kawo kai yana buƙatar 30,000 na taki, dole ne ya sayar da hannu guda cur, wato kashi ɗaya cikin biyar na dukan jarinsa, sannan ya jira a samu wanda zai iya fitar da 120,000 a lokaci ɗaya. Bayan tsagawa yana da hannaye 50 a kan 12,000, sai ya sayar da uku ya biya buƙatarsa, sauran 47 suna nan suna aiki. Haka nan idan masu saye da masu sayarwa suka yi yawa, tazarar da ke tsakanin abin da mai saye ya taya da abin da mai kaya ya sa takan ƙuntata, kuma wannan tazara kuɗi ce da mutum yake asara ba tare da ya ga an rubuta masa ita a rasit ba. Ko a wajen rabon gado, hannaye 50 sun fi hannaye 5 sauƙin kasawa tsakanin magada bakwai.

Akwai wasu dalilan da suka fi aiki a Amurka. Ma'aunin kasuwa na Dow Jones, wato lambar da take nuna hawa da saukar farashin manyan kamfanonin Amurka a dunƙule, yana auna kamfanoninsa 30 ne da farashin hannu ɗaya, don haka kamfanin da hannunsa ya yi tsada ainun zai danne sauran, ba a kuma cika shigar da irinsa ba. Apple ya tsaga nasa gida 7 a 2014, aka shigar da shi a 2015. Amazon ya tsaga gida 20 a Yunin 2022, ya shiga a Fabrairun 2024. Nvidia ya tsaga gida 10 a Yunin 2024, ya shiga a Nuwamban shekarar. Walmart kuwa da ya tsaga nasa gida 3 a Fabrairun 2024, dalilin da ya bayar shi ne ma'aikatansa su iya sayen cikakken hannu. Waɗannan duka ba su da tasiri a kan mai saye daga Maraɗi, sai dai suna nuna cewa kowane kamfani da abin da yake nema.

Dalilin da ya fi ruɗa mutane shi ne wanda ake kira alama. Kamfani ba ya tsaga hannun jari sai farashi ya hau, farashi kuma ba ya daɗewa a sama sai kasuwancin yana tafiya, don haka sanarwar tsagawa takan zo ne daga kamfanonin da suka yi shekaru suna samun nasara. Apple ya tsaga sau 5, a 1987 da 2000 da 2005 da 2014 da 2020, ta yadda hannu ɗaya na farko ya zama 224. Mai jin wannan zai iya cewa tsagawa ce ta azurta masu hannun jarin Apple, alhali wayoyin da kamfanin ya sayar ne suka azurta su, tsagawar ta biyo baya ne kamar yadda sabon rumbu yake biyo bayan albarkar gona. Shaida a kan haka ita ce Berkshire Hathaway, kamfanin attajirin Amurka Warren Buffett, wanda bai taɓa tsaga babban hannun jarinsa mai alamar A ba, har farashin guda ya wuce dala 600,000 a 2024, kuma dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Buffett ya daɗe yana cewa ya fi son masu hannun jari masu zama da kamfani shekara da shekaru a kan masu shiga yau su fita gobe. Duk da haka shi ma ya buɗe ƙaramar ƙofa: a 1996 ya fito da hannu mai alamar B mai rahusa, ya kuma tsaga wannan gida 50 a 2010 lokacin sayen kamfanin jirgin ƙasa na Burlington Northern. A gida kuma muna da namu darasin. A 2017 kamfanoni da yawa na BRVM sun tsaga hannayen jarinsu, farashin guda ya sauko inda talaka zai iya kaiwa, amma babban ma'aunin kasuwar ya faɗi a wannan shekara, ya sake faɗuwa a 2018. Wanda ya saya don kawai ya ji an tsaga, ya ga jarinsa yana zaizayewa a ƙananan hannaye kamar yadda da zai zaizaye a manya.

Kamfani na biyu, mai ba da hannayen kyauta, shi ne ya fi buƙatar a tsaya a kansa, domin sunan yana sa mutum ya tuna gyaran da mai awo yake ƙarawa a kan tiya. Gyara daga kayan mai sayarwa yake fitowa, shi kuwa wannan daga kayan mai karɓa ne. Kamfani yakan tara wani ɓangare na ribar shekarun baya bai raba ba, kuma wannan ajiya dama ta masu hannun jari ce. Idan ya ga dama sai ya ɗauke ta a littafi daga shafin ajiya ya mayar shafin jari, ya buga sababbin hannaye daidai da kuɗin, ya raba wa masu hannun jari, misali sabo 1 a kan kowane tsoho 4. Mai hannaye 100 a kan sefa 5,000 zai koma mai 125, kasuwa kuma za ta gyara farashin zuwa wajen 4,000, jimilla 500,000 kamar jiya. Ta fuskar aljihu ke nan tagwaye ne da tsagawa.

Inda suka rabu wuri biyu ne. Na farko, a tsagawa ƙimar da aka rubuta wa kowane hannu a dokokin kamfani ita ake ragewa, jarin kamfani yana nan yadda yake. A rabon kyauta ƙimar ba ta motsi, jarin ne yake ƙaruwa a rubuce, kuma kuɗin da aka mayar jari sun kulle, ba za a sake raba su a matsayin riba cikin sauƙi ba. Wannan ya sa bankuna suke son hanyar, musamman tun da hukumomin kuɗi na yankin suka ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga sefa biliyan 10 zuwa biliyan 20 a ƙarshen 2023: bankin da yake da ajiya mai kauri zai iya cika sharaɗin ba tare da ya nemi kowa ya kawo sabon kuɗi ba. Idan aka ji banki ya raba hannayen kyauta a irin wannan lokaci, mai yiwuwa umarnin hukuma yake cikawa, ba alheri yake yi wa kowa ba. Na biyu, kuma shi ne mai muhimmanci ga mai saye, wasu kamfanoni bayan rabon kyauta sukan ci gaba da biyan ribar kowane hannu yadda take a da. Wanda yake karɓar sefa 400 a kan hannaye 100, idan aka ci gaba da biyan 400 a kan 125, ribarsa ta tashi daga 40,000 zuwa 50,000. Wannan ƙari na gaske ne, sai dai daga cinikin kamfani ya fito, kuma kamfanin da cinikinsa bai ƙaru ba zai rage ribar kowane hannu a shekara mai zuwa ko ya so ko bai so ba. Akwai kuma ƴar matsalar ragowa: mai hannaye 10 a rabon 1 bisa 4 zai samu sababbi 2, haƙƙin sauran biyun kuma sai ya sayar ko ya sayi cikon da zai kai shi hannu guda, don haka yana da kyau ya tambayi dillalinsa tun kafin wa'adin ya wuce.

Kamfani na uku shi kaɗai ne yake fitar da kuɗi daga asusunsa ya sa a na mai hannun jari. A watanda an yanka san an gama. A nan saniya ce ake tatsa tana raye. Ita ma wannan riba ba daga sama take faɗowa ba, domin ranar da aka cire haƙƙin ribar, wato ranar da sabon mai saye ba ya cikin masu karɓarta, farashin hannu yakan sauka da kimanin abin da za a biya, ana kuma yanke haraji tun daga tushe kafin kuɗin su iso. Amma kuɗi ne da mutum zai iya sayen iri da su, ko ya biya kuɗin makarantar yara, ko ya ƙara sayen hannaye, ba tare da ya rage yawan abin da ya mallaka ba, kuma a kasuwar da neman mai saye yakan ɗauki kwanaki wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan yawan hannaye abu ne da ake sauyawa da sa hannu a takarda, ita kuwa riba ta shekara biyar a jere ba ta biyuwa sai da tsabar kuɗi. Haɗarinta guda: kamfanin da yake raba fiye da abin da ya samu yana cin irin shukarsa ne, kuma riba mai yawa a kan farashin da ya faɗi wani lokaci alamar ciwo ce.

Akwai kishiyar tsagawa, wato haɗe hannaye da yawa su zama ɗaya, kuma ba ta buƙatar dogon bayani. Bankin Citigroup na Amurka ya haɗe kowane 10 suka zama 1 a Mayun 2011 bayan rikicin kuɗi na 2008 ya durƙusar da farashinsa, General Electric ya haɗe kowane 8 a Agustan 2021, ƙananan kamfanoni kuma sukan yi haka don kada kasuwar Nasdaq ta kore su idan hannunsu ya daɗe ƙasa da dala 1. Lissafin ɗaya ne, ba a rasa komai a ranar, amma yawanci labarin da ya kai kamfani ga wannan mataki ba mai daɗi ba ne.

Saura tambayar da mai hatsin nan zai fi yi wa dillalinsa: idan dai kamfani na farko ya kwanta masa, ya saya kafin a tsaga ko bayan an tsaga? Ta fuskar lissafi babu bambanci, kuma ladan dillali da na kasuwa a kan jimillar kuɗin ciniki ake yanka su, ba a kan yawan hannaye ba. Ta fuskar halin mutane kuwa akwai. Tsakanin ranar sanarwa da ranar tsagawa sau da yawa masu neman ribar gaggawa sukan yi rububi, farashi ya ɗaga, kuma da yake a BRVM farashi ba ya wuce kashi 7.5 cikin 100 sama ko ƙasa a yini ɗaya, hawan yakan ɗauki kwanaki a jere, abin da yake ƙara sa wa mai kallo jin cewa ana barinsa a baya. Bayan tsagawa wasu tsofaffin masu hannun jari da suka daɗe suna son rage kaya sukan samu damar sayarwa kaɗan-kaɗan, farashin ya lafa. Ba kullum haka take faruwa ba, amma ni da kuɗina ne da na jira ƙura ta kwanta, musamman idan jarin bai wuce na hannu biyu ko uku a tsohon farashi ba, domin bayan tsagawa mutum zai iya raba miliyan ɗin tsakanin kamfanoni huɗu ko biyar maimakon ya zuba shi wuri ɗaya. Wanda kuma ya riga ya mallaki hannayen kada ya firgita idan ya duba waya ya ga farashi ya faɗi da kashi 90 cikin 100 a dare ɗaya. Ya duba takardar asusunsa ya tabbatar an ninka masa yawan hannayen.

Wani abu da mutanen Maraɗi ba za su tsallake ba shi ne halaccin sana'ar kamfanin. Da yawa daga cikin kamfanonin BRVM bankuna ne masu mu'amala da kuɗin ruwa, akwai kuma na giya da na taba, kuma tsagawa ko kyauta ba ta sauya abin da kamfani yake sayarwa. Wannan tambaya ce ta malamai, kuma gara a yi ta kafin saye. Zakka ma a kan ƙimar dukiya ake duba ta, don haka hannaye 100 na 6,000 da hannaye 10 na 60,000 hukuncinsu ɗaya.

Idan aka ɗora ukun a sikeli, zaɓin ya danganta ne da abin da mai kuɗin yake so su yi masa. Ɗan kasuwar da jarinsa na juyawa yake wani wuri, yana son wannan ajiya ta riƙa kawo masa wani abu duk shekara, kamfani na uku ne nasa, muddin ribar da yake rabawa ba ta wuce wadda yake samu ba. Wanda ya san zai riƙa taɓa kuɗin lokaci-lokaci, na farko ya fi masa bayan an tsaga, da sharaɗin ana cinikin hannayen kusan kowace rana, domin rahusa ba tare da masu saye ba ba ta fitar da kowa daga matsi. Na biyu shi ne na fi yi wa tambayoyi, kuma ba zan fifita shi ba sai na ga cewa a rabon kyautar da ya yi a baya jimillar ribar da ya biya ta ƙaru daga baya. Duka wannan ana iya gane shi daga lambobi kaɗan da kowane dillali yake da su a kwamfutarsa: jimillar ribar kamfanin a kowace shekara cikin biyar da suka wuce, jimillar abin da ya raba a cikinsu, yawan hannayensa kafin sanarwa da bayanta, da adadin hannayen da aka yi ciniki a kansu cikin wata ukun baya. A nemi jimillar, ba ribar hannu ɗaya ba, domin ribar hannu ɗaya ce lambar da tsagawa da kyauta suke sauyawa, kuma idan dillali ya kawo tsohon jadawalin farashi, a tambaye shi ko an gyara lambobin shekarun baya su dace da sabon yawan hannayen.